Bishiyar Lailak da Ta Bi Ki Yanbu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Husaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ki, da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki. Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki da mutanen gidansu. Allah ya tsare ku a sabon gari, ya tsare shigarku da fitarku, ya raba ku da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Na san za ki yi tsaki da kin ga da Hausa na rubuto, tunda Hausarki ta kunne ce, in kin buɗe baki sai Larabci ya riga ta fitowa. Ki yi haƙuri ki bi ta a hankali. Na gwada tsara maganar nan da Larabci a raina, sai na ji ta zama labarin wasu mutane can. Kada ki nemi labaran unguwa a ciki, Sa'alaba tana nan inda kika bar ta.

Ranar da kika kira ni kin ce, "Shukran ya Ummi, na ga dashen lailak da kika sa mini a cikin kaya." Na ce miki ba komai, don ɗakin cike yake da 'yan Allah-sanya-alheri. To yanzu babu kowa, daga ni sai takarda. Husaina, ba ni na sa miki shi ba. Na bi duk wanda ya ɗaga ko buhu ɗaya ranar da aka loda motarki na tambaye shi, kowa ya ce bai ga wani gwangwani ba. Na je bakin ƙofar ɗakinki, inda ɗan tohon nan ya fito daga saiwar babbar bishiya, na tarar da rami. Ba da fartanya aka haƙa shi ba. Na durƙusa na duba da kyau, sawun yatsu ne a jikin ƙasar, ƙanana, waɗanda ƙaramin yatsana ma bai shiga cikinsu ba. Kin kuma san rabon gidan nan da yaro tun kina yarinya.

A cikin wayar nan kika ce mini tun da kika sauka kanki ke sarawa, abinci ba ya zama. Can gaba kuma, kina dariya, kika ce dashen yana ƙarƙashin matakala ya sunkuyar da ganye, maigidanki ya ce a zubar, gidan haya ne ba lambu ba. Ke a wurinki labari biyu kika ba ni. Ni ɗaya na ji, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Kafin ki ce Ummi ta taso da camfinta, tsaya. Ni ban ce itace na rayawa ko kashewa ba, a'uzu billahi, goshina ma ƙasa yake taɓawa kamar na kowa. Abin da idona ya gani zan faɗa miki, da kurakuran da na tafka wajen renon bishiyar nan, ina ji ina gani jikinki na ɗauka. Duk lokacin da na ɗauko zancen sai ki ce, "Halas ya Ummi, ya isa haka," ki tashi. Takarda ba a ce mata halas, sai ki karanta.

Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, a aikin lambunan manyan gidajen unguwar Ruwais ya ƙare rayuwarsa. A gidan wata tsohuwa 'yar Sham ya samo dashen. Ita ke ce mata lailak, mu ma muka bi bakinta, sai daga baya wani Bakano da ya zo umra ya maƙale ya ce a can gida kurnar nasara ake kiranta. Ya kawo ta cikin gwangwani ya ajiye a bayan ƙofa, yana jiran sanyi ya shigo ya dasa. Ina da tsohon cikinku a lokacin.

A gida na haife ku, naƙuda ba ta ba mu damar neman mota ba. Hassana ta riga ki fitowa, ta yi kuka, ba ta kai la'asar ba. Mabiyiyarku guda ɗaya ce. Iya Gambo ungozoma, wadda ita kanta ƙanwar tagwaye ce, ta wanke ta, ta binne a kusurwar tsakar gida yadda iyayenmu suka zo da shi daga ƙasar Hausa. Ba a gaya wa maza wurin, don haka mahaifinki bai sani ba. Ya dawo daga maƙabarta hannunsa ya ƙi zama wuri ɗaya, ya shiga ya fita, sai idonsa ya faɗa kan gwangwanin. Ya ga ƙasa mai laushi a kusurwa, ya durƙusa ya dasa.

Ina kwance a ɗaki na ji salatin Iya Gambo.

"Malam, me ka yi haka?"

"Itace na dasa, Iya."

"A kan mabiyiyarsu ka dasa! Ɗaya ta koma, ɗaya na kwance a ɗaki, kai kuma ka haɗa su a saiwa ɗaya."

Ya kai hannu zai tumɓuke, ta riƙe shi. Ta ce, "Kul! Da ba ka dasa ba da ya fi. Amma tunda ka dasa, cirewar ta fi muni. Ku rene ta kawai."

Kuskurena na farko al'ada ce ta ja ni. Ruwan wankan jego a kan wurin mabiyiya ake zubar da shi, haka na ga an yi wa uwata, haka na yi. Iya Gambo ta wuce Makka karɓar wata haihuwa, babu mai tsawatar mini. Safe da yamma in gama wanka, in kinkimi ragowar ruwan yana tururi in juye a gindin dashen. Ban taɓa kawo komai a raina ba, kaina na cike da wadda na rasa. Ganyen ƙasa suka yi laushi kamar dafaffen alayyafo. Sai wata safiya na kwance miki zani, na ga tafin ƙafafunki duka biyu sun yi bororo, ke da ko ƙasa ba ki taɓa takawa ba. Likita ya duba, ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Wa ya tsoma ta a ruwan zafi?" Na rantse har na gaji. Da muka dawo mahaifinki ya je ya dafa gindin dashen da tafin hannu, ya ji ƙasar da ɗumi. Ya daɗe a tsugune a wurin. Daga ranar can bayan gida nake zubar da ruwan, kuma bororon bai bushe ba sai da sabon toho ya leƙo.

Don haka ki kiyayi famfo da rana. Yanbu da Jidda duk ɗaya ne, tanki na saman soro, da azahar ruwan da ke fitowa ya isa a haɗa shayi. Ki tara a bokiti, ki ajiye a inuwa har sai hannunki ya ce miki ya huce. Wanda ya fi duka shi ne ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba gishiri a cikinsa, ki sa roba ki tare. Da sassafe za ki ba ta, ko bayan la'asar. Ki yi bismillah kafin ki zuba, ki zuba a hankali a kewayen gindin, ba a kan ganye ba.

Daga nan sai na faɗa ɗaya ɓangaren. Tsoro ya mai da ni uwar shayarwa, safe in ba ta, rana in ba ta, yamma in ƙara. In motar ruwa ta shigo unguwa, bokitin farko nata ne. Ganye ya fara rawaya yana zuba, wautata ta ce mini ƙishi ne, na ƙara mata. Kina rarrafe a lokacin. Sai kika kumbura suntum, fuska da ƙafa, in kina numfashi ana jin ƙarar ruwa a ƙirjinki. Mahaifinki ya tone gefen gindin, wari ya bugo mu, saiwoyin sun yi baƙi suna saɓulewa a hannu. Ya yanke ruɓaɓɓun, ya cakuɗa ƙasar da yashin kwari, sannan ya ɗauke bokitina ya ɓoye. Ya ce, "Hawwa, kin kusa kashe ta da so." Na yi kuka ranar, don gaskiya ya faɗa.

Ke ma na san halinki, in kin tsorata da takardar nan za ki je ki cika gwangwanin da ruwa har ya yi ambaliya. Kada ki soma. Ki cusa yatsa cikin ƙasar, in kin ji danshi ki ƙyale ta, in kin ji a bushe ki ba ta sosai har ya fita ta ƙasa. Kuma ki ɗaga gwangwanin nan ki duba gindinsa. Zuciyata na ba ni ba a huda shi ba, don wadda ta haƙo dashen ba ta san ana hudawa ba. Ki sa ƙusa ki huda shi yau.

Shekarar da na yaye ki ta fara fure. Ke kin taso kina ganinsa har ya zame miki ba komai, amma ranar farko wallahi tsayawa na yi da tsintsiya a hannu. Ƙananan furanni tuli-tuli, launin shunayya mai haske, tsakiyar kowanne da duhu, ƙamshi har layi na biyu. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna masha Allah. Tun daga lokacin ba ki da wurin zama sai gindinta. In na ba ki burodi, sai ki gutsura biyu, ki ci rabi, ki ajiye rabi a kan saiwa. Na ce tsuntsaye ke ɗauka. Da tsakar rana kuwa, lokacin da Jidda ke yin tsit, ko kyanwa ba ta tsallaka layi, sai in jiyo ki kina hira. Ki yi magana, ki yi shiru irin na mai sauraro, sannan ki ƙyalƙyale da dariya. In na leƙo ta taga sai ki daina, ki zuba mini ido har in koma.

Bayan fure 'ya'ya ke biyowa. Su fito kore, su yi rawaya, su yanƙwane, su rataye a reshe ko da ganye ya zube. Mahaifinki ya gargaɗe ni cewa guba ne, ya ce in riƙa tsinke su tun suna kore. Ni kuwa ƙwallon ya ba ni sha'awa, da ɗan rami a tsakiya, na ce zan bar su su nuna in shirya carbi. Kin ji dalilin banza. Wata rana ina wanki na ji gidan ya yi shiru fiye da kima. Na zagayo na same ki kwance a gindinta, yawu na dalala, hannunki damƙe da ragowar 'ya'yan. Ban san ko da mayafi na fita ba. Aka wanke miki ciki, Allah ya yi da sauran kwana.

Da kika farfaɗo na ce, "Husaina, ban hana ki taɓa su ba?"

Kika ce, "Ita ta ba ni."

"Wa?"

"Ukhti. Ta ce in na ci zan zo wurinta mu yi wasa."

Lokacin ba wanda ya taɓa gaya miki kina da 'yar'uwa. Mun bar shi sai kin yi wayo. Na zauna a ƙasan asibiti mutane na tsallake ni.

Daga baya na daina ɗaukarsa mugunta. Wadda ba ta kai la'asar ba a duniya, me ta sani game da mutuwa? Kaɗaici ne ya ishe ta. Amma kaɗaicinta ba zai sa in ba da ke ba. Saboda haka ki ji da kyau: da fure ya kaɗe, 'ya'ya sun fara ƙullawa, ki bi su da almakashi ki cire tas. Wanda ya faɗi ki share, ki ƙulle a leda ki fitar daga gida. Ranar da Allah ya ba ki haihuwa, wannan aikin ya fi miki girki muhimmanci. Kada ki bar ƙwallo ɗaya a inda hannun yaro zai kai, ko da kin ga yaron ba ya zuwa wurin.

A lokacin dai ban yi wannan tunanin ba, fushi ne ya cika ni. Sare ta ban isa ba, maganar Iya Gambo na kunnena. Sai na ce to zan raba ta da ɗakinki. Na bari mahaifinki ya tafi Ruwais, na ɗauki fartanya na haƙa dogon rami tsakanin bishiyar da ɗakin, duk saiwar da na tarar na datse ta, na mai da ƙasa na daddaɓe. Da ya dawo ya gani sai ya riƙe baki. Ya ce lailak ba a ji wa saiwarta rauni, duk inda aka yanka nan take fitar da toho. Ai kuwa haka aka yi. Sai dai nata tohon bai fito a warwatse ba. A jere suka fito, ɗaya gaban ɗaya, daga bakin ramin suka miƙe sak, na ƙarshe a bakin ƙofarki. Duk wanda na tumɓuke sai haɓo ya ɓalle miki. Na cire na cire, da na zo kan na bakin ƙofa jini ya ƙi tsayawa tun ina taɓa shi, sai na sake. Shi ne kika taso kina tsallakewa kullum. Duk shekarun nan bai wuce gwiwa ba, bai girma ba, bai mutu ba, kuma shi ne yanzu a ƙarƙashin matakalarki.

In za ki cire mata ciyawa, da hannu za ki cire. Kada ƙarfe ya shiga ƙasarta.

Kuskurena na ƙarshe kuwa har yau bai fita raina ba. Mahaifinki ya rasu, kin shiga makaranta, ni kaɗai ce da gida. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga ta dame ni da mita, wai reshe ya tsallaka yana zuba mata ganye a kan shanya. Kullum magana, kullum habaici. Ranar da ta kai ni bango na ɗauko adda na hau kujera. Ƙarshen sanyi ne, kan rassan duk ya ƙulla, saura kaɗan fure ya buɗe. Ban tsaya kan wanda ya tsallaka ba, zuciya ta ɗebe ni na yi mata aski kwal, na tara rassa har ƙugu. Kika dawo daga makaranta, kika buɗe baki za ki yi sallama, babu murya. Leɓe na motsi, ba abin da ke fita. Likitoci suka leƙa maƙogwaro suka ce lafiya lau yake. Aka yi rubutu, aka yi tofi. Kika koma nuna abu da hannu, malamarku ta mai da ke kujerar baya.

Ana cikin haka, wata rana da azahar, kina makaranta, ƙofar gida a kulle, ina tsaye ina tankaɗe a madafa. Sai na ji an ce, "Ummi." Muryarki ce sak, da ɗan karyewar nan da kike yi a ƙarshe. Daɗi ya kama ni, ban yi tunani ba na ce, "Na'am!" Na fito da gudu hannu duk gari. Tsakar gida ba kowa, rana ta take, ga bishiyar tsaye da guntayen rassa. Daga wajenta aka sake cewa, a hankali, "Ummi, da zafi."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Na dai san da na dawo hayyacina na kwaɓa laka na bi kan kowane yanka na shafe, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Shekarar ba ta yi fure ko ɗaya ba. Ke kuma ba ki yi magana ba sai da rassan suka fitar da sabon ganye, ranar kika tashi daga barcin rana kika ce in ba ki ruwa, kamar jiya kika yi shiru.

Ki riƙe wannan: ba a rage mata reshe sai fure ya gama kaɗewa. Shi ma kaɗan, busasshe da wanda ke gogar ɗan'uwansa, da wuƙa mai kaifi wadda kika wanke. In abin da kika yanke ya fi ƙarfin hammatarki ɗaya, kin wuce gona da iri. Kada ki taɓa ta kina cikin fushi, ko da wa kika yi faɗan. In kuma wata rana da tsakar rana kika ji an kira ki daga wajenta, kada ki amsa kamar yadda na amsa, kada kuma ki gudu. Ki karanta Ayatul Kursiyyu, ki je ki duba abin da ke damunta. Ko ƙishi ne, ko farin ƙwaron nan mai kama da auduga ya maƙale a bayan ganye. In shi ne, ruwan sabulu kaɗan da tsumma ya isa.

Daga wannan shekarar na koyi hankali, muka zauna lafiya mu uku. Kin lura ba ki ƙara kwanciya ciwo ba in ba mura ba? Kika girma kina mini dariya, ke 'yar boko, kina cewa Ummi ta fi son itace da mutane. Na ƙyale ki. Gara ki yi mini dariya da lafiyarki.

Yanzu maganar maigidanki. Ni ba zan iya buɗe baki in yi masa wannan zancen ba, ke ma kada ki je masa da labarin muryoyi, ya ɗauka ya auro 'yar masu taɓin hankali. Ki ce masa abin tunawa da mahaifinki ne, ba ki kuma yi ƙarya ba. Mutumin kirki ne, ba zai hana ki kusurwa ɗaya ba. Ki fitar da ita daga ƙarƙashin matakala, lailak ba ta rayuwa a duhu. Ki nema mata inda ranar safe ke samu, inuwa ta rufe ta da azahar har ta yi ƙarfi. Ki roƙe shi ya samo miki rabin durom daga wurin aikinsu, wanda ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. A huda gindin, a zuba tsakuwa, sannan yashin kwari da tsohon takin tumaki wanda ya daina wari. Sabon taki ƙona saiwa yake yi. Ki tsaga gwangwanin ta gefe ki ɗauke ta da ƙasarta gaba ɗaya, kada ki ja ta ta wuya. Ki kafa mata sanda saboda iskar teku, ki ɗaure da tsumma sako-sako, ban da waya.

Kada kuma daɗin baki ya sa ki dasa ta a ƙasar gidan haya, ko mai gidan ya ce ya yarda. Ranar da aka ce ku tashi, ya za ki yi? Ki bar ta ga wanda zai shigo da zarto? Ta zauna a durom har Allah ya ba ku naku, ko da za ta takura. In ranar ta zo, ki dasa ta da sanyi, nesa da bango da ramin bayan gida, yadda mota za ta iya wucewa a tsakani.

Na san abin da kike cewa a ranki, sarauniyar gardama. Kina cewa ko ɗan dashen ya mutu, ai babbar na nan a gida, Ummi na kula da ita kamar kullum. Ni ma da wannan na yi ta lallashin kaina. To ki saurara.

Washegarin tafiyarki na fito shara na tarar da ganye ya rufe tsakar gida, kore shar, ba lokacin zubarsa ba. Na ba ta ruwa mai sanyi, na tone gefe da hannu, saiwa lafiya, ba ruɓa, ba ƙwaro. Na yi mata duk abin da mahaifinki ya koya mini. Kafin mako ya zagayo babu ganye ɗaya a kanta. Jiya na sa farce na kankare ɓawon reshe, na kankare na gangar jiki, na sauka har gindi, ko'ina a bushe ƙamas. Na kama wani reshe mai kauri, ya karye a hannuna, cikinsa fayau. Bishiyar da na rena tun kina cikin zani ta mutu a tsaye, Husaina. Da na gane haka na rarumi waya, na ɗauka shi ke nan na rasa ki. Sai ga muryarki kina cewa, "Ummi, ina cikin girki, zan kira ki." Shi ya sa kika ji na kashe ban ce komai ba.

Babbar ta mutu, ke kina raye. Kin ga ke nan babu sauran komai a nan gidan. Duk abin da ke cikinta ya tattara ya koma gwangwanin nan da ke ƙarƙashin matakalarku, wanda ake shawarar zubarwa. Babu wata a bayansa, kuma hannuna ba ya kaiwa Yanbu. Tsoro nake ji, ya binti, tsoron da ban ji irinsa ba ko a ƙasan asibiti.

Ki ajiye takardar nan yanzu, ko wuta ce a kan murhu ki kashe. Ki je ki ɗauko ta ki fito da ita haske, ki huda gwangwanin, ki taɓa ƙasar. In kin gama ki kira ni, ki gaya mini yadda ganyen yake da yadda kanki yake. Ina nan zaune kusa da waya.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa albarka a aurenki, ya tsare ki a gida da hanya, a farke da cikin barci. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya haskaka kabarinsa. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Gidan ya yi mini faɗi. Na shirya wa tafiyar 'ya ɗaya, ban san biyu zan sallama rana guda ba. In kin zuba mata ruwan, ki ce mata Ummi ba ta yi fushi ba don ta tafi babu sallama. Ni ma da ni ce, ke zan bi.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hawwa
Sa'alaba, Jidda